Yadda Sabon Zuwa Amurka Zai Samu Katin Bashi Alhali Ba Shi da Tarihin Kiredit

Watana biyar a Amurka na ga lokaci ya yi da zan bar falon ɗan'uwana a Bronx, cikin birnin New York, in kama ɗakina. Ina da aiki, ina da takardun albashi, kuɗin ajiya da na hayar watan farko suna cikin ambulan a aljihun rigar sanyina. Matar da ke kula da ginin ta karɓi lambar shaidata ta shigar a kwamfuta, ta ɗan jira, sannan ta juyo mini da allon. Sunana ne a sama, ƙasa kuwa fari fat. Na ce mata ai haka ya kamata, tun da nake ban taɓa cin bashin wani na hana ba, a nan ma ko sisi ba a bina. Ta ce to ai matsalar ke nan, ba ta da abin da za ta nuna wa mai gida. Haka na koma falon ɗan'uwana da ambulan ɗina, raina a ɓace.

A gida, shaidar amana a bakin mutane take. Ɗan kasuwa a Kantin Kwari zai ɗora maka dilar atamfa bashi don kawai wani dattijo ya ce ya san mahaifinka. A Amurka babu wanda ya san mahaifinka. Shaidar tana hannun kamfanoni uku, Equifax da Experian da TransUnion, waɗanda aikinsu tara labarin wanda ya ci bashi da yadda ya biya. Daga wannan labarin ake fitar da maki, mafi shahara shi ne na FICO, wanda ke farawa daga 300 ya tsaya a 850. Daga 670 zuwa sama ake cewa makin mutum ya yi kyau, daga 740 kuwa ƙofofi sun buɗe sosai. Wanda bai taɓa cin bashi ba, ba sifili gare shi ba, makin ne ma babu shi sam. Wannan shi ne abin da mutanenmu ke cewa "ba ni da kiredit".

Kuma abin bai tsaya ga banki ba. Mai gidan haya yana dubawa, kamfanin waya yana dubawa, a yawancin jihohi kamfanin inshorar mota ma yana la'akari da shi wajen yanka maka farashi. Har kamfanonin da ke taimaka wa Musulmi sayen gida ba da ruwa ba, irin su Guidance Residential da UIF, sai sun duba tarihinka kafin su saurare ka. Don haka mai cewa shi ba ruwansa da kiredit tunda da tsabar kuɗi yake harkarsa, ranar da zai nemi gida zai gane da ruwansa.

Maganar riba tukuna

Na san ita ce ke ran mafi yawan masu karanta wannan, don haka ba zan kai ta ƙarshe ba. Katin bashi yarjejeniya ce da aka rubuta kuɗin ruwa a cikinta. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a karɓi katin da aka shar'anta ruwa a cikinsa ba, ko da mai katin ya ƙudurta biya kafin ruwan ya hau. Akwai kuma malamai, musamman mazauna ƙasashen Yamma, da suka yi sassauci saboda larura, da sharaɗin mutum ya biya komai a kan lokaci yadda ruwa ba zai taɓa hawa kansa ba. Ni ra'ayi na biyu na bi bayan na zauna da malamina, kuma duk tsarin da zan bayyana a nan an gina shi ne a kan kada ka biya ruwa ko kwabo. Kai ma ka zauna da malamin da ka yarda da shi. Idan zuciyarka ta natsu da ra'ayi na farko, akwai hanyoyin da ba na kati ba, na kawo su a gaba.

Mataki na farko: lamba, asusu, da suna guda

Banki ba zai ba ka kati ba sai da lambar da zai bi ka da ita. Mai izinin aiki yana da lambar Soshiyal, wato Social Security, lambar shaida da gwamnatin Amurka ke bayarwa. Ɗalibi mai bizar F-1 ba ya samunta sai ya samu aikin da aka yarje masa, ko da na cikin makaranta ne, kamar laburare ko ɗakin cin abinci. Wanda ba zai iya samun Soshiyal ba yana iya neman lambar haraji ta ITIN daga hukumar IRS da fom mai suna W-7, kuma wasu bankuna, ciki har da Capital One, suna karɓar ta a madadin Soshiyal.

Sai asusun banki na yau da kullum, wanda albashinka ke shiga. Asusun shi kansa ba ya gina tarihi, katin ATM ɗin da ke tare da shi ma haka, komai yawan kuɗin da ka kashe da shi, domin kuɗinka ne kake kashewa ba na wani ba. Haka katunan da ake saya a kanti a loda musu kuɗi. Na sha ganin wanda ya shekara uku yana goga katin ATM yana zaton yana gina kiredit. Amfanin asusun shi ne ta cikinsa za ka riƙa biyan kati, kuma bankin da ya ga albashinka yana shigowa wata bayan wata ya fi saurin yarda da kai.

Ga wani abu da ya shafe mu fiye da sauran mutane: rubutun suna. Mutum guda sai ka ga fasfo ya ce Mohammed, takardar aiki ta ce Muhammad, lasin tuƙi ya ce Mohamad. 'Yan'uwanmu na Nijar kuma Mahamadou ne a takarda, Abdoulaye a maimakon Abdullahi. Ka ɗauki rubutun da ke jikin katin Soshiyal ɗinka, harafi da harafi, ka riƙe shi a ko'ina. Sunayenmu suna yawan kama da juna, ga shi kuma mukan zauna mu da yawa a adireshi ɗaya, Ibrahim Musa biyu a gida guda ba abin mamaki ba ne. Da haka labarin wani ke shiga fayil ɗin wani.

Mataki na biyu: leƙa fayil ɗinka

Kafin ka nemi komai, shiga AnnualCreditReport.com. Shi ne shafin da doka ta tanada don karɓar rahoto kyauta daga kamfanonin uku, kuma yanzu ana iya karɓa kowane mako. Idan shafin ya ce bai same ka ba, kada ka damu, alamar ba ka da fayil ce. Idan kuwa ka ga bashin da ba ka sani ba, ka rubuta wa kamfanin ƙorafi. Doka ta ba su kimanin kwana 30 su bincika, abin da ba su tabbatar ba su goge.

Mataki na uku: zaɓen ƙofar shiga

Ƙofar da ta fi faɗi ita ce katin jingina. Kai ne za ka ba banki kuɗi su riƙe, su kuma su ba ka kati mai iyaka daidai da abin da ka ajiye. Ka ajiye dala 200, a ba ka katin da ba zai wuce dala 200 ba. Ranar farko da aka yi mini bayaninsa na ce to mene ne amfanin in ba ku kuɗina sannan ku ranta mini shi? Amfanin shi ne bankin ba shi da asara, don haka ba ya buƙatar tarihinka, amma duk wata yana aika wa kamfanonin nan uku labarin cewa wane ya ci bashi kuma ya biya. Labarin kake nema. A rahoton, katin jingina yana gina maki kamar kowane kati. Kuɗin jinginar kuma ba da su ake biyan sayayyarka ba, suna nan a ajiye. Abin da ka kashe sai ka biya daga asusunka. Ranar da ka rufe katin babu bashi a kansa, ko ranar da banki ya mayar da shi kati na sosai, za a dawo maka da su.

Za ka gane irin wannan kati da kalmar Secured a sunansa. Discover it Secured yana farawa da ajiyar dala 200, babu kuɗin shekara, kuma daga wata na bakwai sukan fara duba ko za su mayar maka da ajiyarka. Capital One Platinum Secured shi ma babu kuɗin shekara, kuma wani lokaci ajiyar dala 49 ko 99 tana isa a ba ka iyakar 200. OpenSky ba ya bincikar tarihi ko kaɗan, sai dai katinsa na asali yana da kuɗin shekara. Sharuɗɗan nan suna sauyawa, ka karanta na ranar da za ka nema. Kada kuma ka raina ƙananan bankunan haɗin gwiwa na unguwa, waɗanda ake kira kiredit yuniyon. Da yawansu suna da katin jingina mai sauƙi, kuma a can za ka samu mutum ya zauna da kai ya yi maka bayani ba cikin gaggawa ba.

Tambaya uku za ka yi kafin ka miƙa kuɗinka. Shin suna kai rahoto ga dukkan kamfanonin uku? Idan amsar a'a ce, ka tashi ka tafi, domin ba ka san wanne mai gidan haya zai duba ba. Akwai kuɗin shekara ko na wata? Sannan akwai hanyar da katin zai koma na sosai ba tare da an rufe shi ba? Ta ukun nan tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin katinka na farko shi ne mafarin shekarun tarihinka, ba ka so wata rana ka rufe shi don kawai ka karɓi ajiyarka.

Game da yawan ajiya, ka sa abin da za ka iya mantawa da shi shekara guda. Dala 200 ko 300 ta isa. Iyaka mai yawa ba ta sa maki ya zo da wuri.

Ɗalibin jami'a yana da ƙofarsa daban: katunan ɗalibai, waɗanda ba sa neman ajiya kuma an yi su ne don marasa tarihi. Sai dai dokar katin bashi ta 2009 ta ce wanda bai kai shekara 21 ba sai ya nuna yana da kuɗin shiga na kansa, ko wani babba ya tsaya masa.

Ƙofa ta uku ita ce goyo. Ɗan'uwa ko aboki mai tsohon kati mai tsabta zai kira bankinsa ya ce a ƙara sunanka a matsayin wanda aka yarje wa amfani da katin. A yawancin bankuna tarihin wannan katin zai bayyana a fayil ɗinka. Ba sai ma ya damƙa maka katin ba, yana iya jefa shi a aljihun tebur. Hanya ce mai sauri, amma ka san bayan wa za ka hau: idan ya makara da biya ko ya cika katin taf, kai ma abin zai taɓa ka. Kuma banki ya fi girmama katin da yake naka na kanka, don haka goyo ƙari ne a kan katin jingina, ba madadinsa ba.

Wanda ya taɓa cin bashin banki a Najeriya ya biya lafiya, tarihinsa yana wajen ofisoshin can irin su CRC Credit Bureau. Wannan tarihin ba ya tsallako teku da kansa, amma kamfanin Nova Credit yana fassara tarihin wasu ƙasashe, ciki har da Najeriya, ga masu ba da bashin da suke hulɗa da shi. Idan kana da irin wannan tarihi, ka tambaya kafin ka fara daga tushe.

Mataki na huɗu: cike fom

Manyan bankuna suna da shafin gwaji inda za ka sa bayananka su gaya maka katin da wataƙila za su ba ka. Wannan leƙe ne kawai, ba ya barin tabo. Nema na gaske kuwa yana barin alama a fayil ɗinka har shekara biyu, ko da yake FICO na shekarar farko kawai yake lissafawa. Alama ɗaya ba komai ba ce. Abin da ke cutarwa shi ne a ƙi ka a nan ka ruga can, a ƙi ka ka sake rugawa, cikin mako guda ka tara biyar. Ga banki wannan kamannin wanda ya shiga matsi ne. Ka nemi ɗaya, wanda ka fi tsammanin samu.

Wajen kuɗin shiga ka rubuta gaskiya, na shekara kafin a cire haraji. Direban tasi ko mai kai saƙon abinci ya ɗauki abin da ya nuna a takardar harajinsa. Ƙara adadi a fom ɗin banki laifi ne a doka, kuma ga wanda takardun zamansa ke gaban hukuma, ba abin wasa ba ne. 'Yar'uwa da ke gida tana kula da yara, ke ma kina da hakki: wanda ya kai shekara 21 yana iya rubuta kuɗin shigar gida da yake da damar amfani da shi, kamar albashin maigida da ke shiga asusunku na tare. Ina roƙon matanmu da su gina tarihi da sunansu. Na ga matar da mijinta ya rasu, shekara goma sha biyar tana ƙasar, amma a idon banki jiya ta sauka.

Idan aka ƙi ka, dole su aiko maka da takarda mai bayyana dalili ko yadda za ka nemi dalilin. Ka karanta ta, sau da yawa matsalar ƙarama ce, adireshi bai dace ba ko sun kasa tabbatar da kai. Dokar daidaito wajen ba da bashi ta 1974, bayan gyaran da aka yi mata a 1976, ta hana a ƙi mutum bashi saboda addininsa, launinsa ko ƙasar da ya fito, ko da yake an yarje wa banki ya duba matsayin takardun zama.

Mataki na biyar: yadda ake riƙe katin

A nan ne aikin yake, kuma a nan mutane suka fi faɗuwa. Katin ya iso a ambulan, ka kira ka buɗe shi. Daga ranar ka sa a ranka ba a ƙara maka ko dala ɗaya ba. Abin da ba za ka iya saya da kuɗin da ke asusunka yau ba, kada ka saya da katin.

FICO ya bayyana abin da yake aunawa. Kashi 35 cikin ɗari biya a kan lokaci ne, kashi 30 yawan bashin da ke kanka idan aka gwada da iyakarka, kashi 15 tsawon tarihi, sauran kashi 20 an raba su biyu tsakanin sababbin nema da ire-iren bashi. Wato kusan kashi biyu cikin uku suna hannunka tun watan farko.

Kowane kati yana da rana biyu da ya kamata ka haddace. Akwai ranar rufe lissafi, ranar da banki ke tattara abin da ka kashe a watan ya fitar da takarda. Akwai kuma ranar biya, wadda doka ta ce sai ta kasance aƙalla kwana 21 bayan an aiko takardar. Idan ka biya dukkan adadin da ke takardar kafin ranar biya, babu ruwa a kan sayayyarka. A takardar za ka ga wani ƙaramin adadi da suka kira mafi ƙarancin biya, dala 25 ko 35. Kada ka kalle shi. Wanda ya biya shi kaɗai, ragowar za ta fara haihuwa, kuma sababbin sayayyarsa ma ruwa zai hau su tun ranar saye har sai ya share bashin gaba ɗaya. Ruwan katunan sababbin shiga yakan kusanci kashi 30 a shekara. Ka lissafa: bashin dala 1,000 a kan kashi 29 yana haifar da kusan dala 24 a wata. Ka biya 35, dala 11 ce kawai ta rage daga uwar kuɗin.

Ga yadda na yi, kuma shi nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni. Na ɗora abu guda tak a kan katin, kuɗin wayata na wata. Na shiga manhajar banki na saita biya kai tsaye daga asusuna, na zaɓi a cire dukkan adadin takarda ba mafi ƙaranci ba. Sannan na sa katin cikin jakar da nake ajiye fasfo. Duk wata waya ta ci, asusu ya biya, rahoto ya tafi. Abin da ya rage mini shi ne in tabbatar da kuɗi a asusun kwana biyu kafin ranar, sai kuma in buɗe takardar in karanta.

Dalilin ƙanƙanta sayayya shi ne yawancin bankuna adadin ranar rufe lissafi suke kai wa kamfanonin uku. Idan iyakarka 200 ce ka kashe 180, ko da ka biya duka a ranar biya, rahoton zai nuna ka cinye kashi 90 na abin da aka ba ka. An fi so ya tsaya ƙasa da kashi 30, ƙasa da 10 ya fi kyau. A katin dala 200 ke nan kada ya wuce 60, in da hali 20. Idan wani wata larura ta sa ka kashe da yawa, ka biya mafi yawansa kafin ranar rufe lissafi, sai ƙaramin adadi ya fito a takarda.

Za ka ji wasu suna cewa sai ka bar ɗan bashi ya kwana ana sa masa ruwa kafin maki ya hau. Ba gaskiya ba ne. Biyan ruwa ba ya ƙara maki ko ɗigo.

Idan ka makara da kwana ɗaya ko biyu, za a ci ka tara, amma ba a kai rahoton makara sai ta kai kwana 30. Ka biya nan take, ka kira ka roƙi a yafe tarar, sukan yafe ta farko. Makarar da ta kai kwana 30 kuwa shekara bakwai take yi a fayil.

Ramukan da suka fi kama mutanenmu

Na farko aika kuɗi gida. Sallah ta matso, ko an kira ka an kwantar da Hajiya a asibiti, asusu babu komai, ga kati a hannu. Yawancin bankuna suna ɗaukar tura kuɗi da katin bashi daidai da cire tsabar kuɗi a na'ura: akwai caji nan take, galibi kashi 3 zuwa 5, ruwansa ya fi na sayayya, kuma yana fara hawa tun ranar, babu kwanakin sassauci. Ga mai gudun riba wannan faɗawa cikinta ne kai tsaye. Kuɗin gida daga asusunka za su fita, idan babu gara ka nemi rance wajen ɗan'uwa.

Na biyu ara wa wani katinka. Kunya ce ke sa mu, na sani, wuya ne ka ce wa ɗan garinku a'a. Amma duk abin da ya goga, kai ake bi, kuma kariyar da doka ta ba ka ta cewa ba za ka biya fiye da dala 50 ba idan an sace kati an yi amfani da shi, ba ta shafi katin da ka miƙa da hannunka ba. Haka sa hannu a bashin motar wani: ranar da ya daina biya, naka ne.

Sai katunan da za su fara zuwa akwatin wasiƙarka da zarar ka samu fayil, masu cewa an amince da kai ba ajiya. Ka juya bayan takardar ka nemi jadawalin caji. Wasu suna da kuɗin buɗewa, kuɗin shekara, kuɗin wata, kafin ka sayi komai sun cinye wani yanki na iyakar. Katin jingina marar kuɗin shekara ya fi su nesa ba kusa ba. Haka mai karɓar kuɗi a kanti da zai ce ka buɗe katinsu a rage maka kashi kaza yau. Nema ne na gaske mai barin alama, ruwansu kuma yana daga cikin mafi tsada.

Mafi muni su ne masu sayar da lamba mai tara da suke kira CPN, suna cewa za ta maye maka Soshiyal ka fara sabon tarihi. Sau da yawa lambar Soshiyal ɗin wani ce aka sato, har ta yara ƙanana, kuma sa ta a fom ɗin banki zamba ce. Masu cewa ka biya su tukuna su gyara maka kiredit su ma ka guje su, doka ta hana su karɓar kuɗi kafin su yi aikin, kuma babu abin da za su yi da ba za ka iya yi da kanka kyauta ba.

Ga wanda ba ya son kati

Adashin da muke yi a masallaci da gidajen biki babbar shaida ce ta amana, sai dai babu mai rubuta ta. Wata ƙungiya a San Francisco mai suna Mission Asset Fund ta ɗauki wannan tsari ta sa masa takarda: mutane kaɗan su haɗu suna zubi duk wata, kowa ya kwasa a zagayensa, babu ruwa, ita kuma tana kai rahoton zubin ga kamfanonin uku. Tana aiki da ƙungiyoyi a jihohi da dama, ka bincika ko akwai kusa da kai.

Haya ma tana iya zama shaida. Kamfanin Esusu, wanda Wemimo Abbey haifaffen Legas ya kafa tare da Samir Goel, yana kai rahoton biyan haya. Sunan ma daga kalmar Yarbawa ta adashi aka ɗauko shi. Abbey ya sha ba da labarin yadda mahaifiyarsa, da suka sauka ba su da tarihi, ta ci bashi mai ruwan sama da kashi 400 don karatunsa. Ka tambayi ofishin gininku ko suna da irin wannan tsari. Experian Boost kuma kyauta ne, yana ƙara kuɗin wuta da waya a fayil ɗinka, amma na Experian kaɗai. Gaskiyar magana waɗannan hanyoyi sun fi kati jinkiri, kuma ba kowane tsarin maki ke lissafa haya ba, amma sun fi fayil fari fat.

Bayan wata shida

FICO ba ya fitar da maki sai kana da asusun da ya kai wata shida. Kafin nan kana iya ganin wani adadi a manhajojin kyauta, wannan galibi na VantageScore ne, wani tsarin maki daban wanda ke fitowa da wuri kuma yakan bambanta da na FICO. Kada hawa da saukar maki biyar ko goma su ɗaga maka hankali.

Tsakanin wata na bakwai da shekara guda, idan banki bai yi magana ba, kai ka kira ka tambaya ko za su mayar da katin na sosai su dawo maka da ajiya. Idan sun ƙara maka iyaka ka karɓa, sayayyarka kuma ta tsaya inda take, kason da kake ci sai ya ƙara raguwa. Bayan shekara kana iya neman kati na biyu marar kuɗin shekara, ka bar aƙalla wata shida tsakanin nema da nema. Na farkon kada ka rufe shi matuƙar ba ya cin ka komai, ka bar kuɗin wayar a kansa, domin banki yakan rufe katin da ya daɗe ba a taɓa shi ba.

Da zarar ka gama neman abin da kake nema, ka kulle fayil ɗinka. Tun 2018 kullewa da buɗewa kyauta ne, amma sai ka yi a kowane kamfani daban, Equifax da Experian da TransUnion. Kullewa ba ta taɓa maki, katinka yana ci gaba da aiki, abin da take hanawa shi ne wani ya buɗe sabon bashi da sunanka. Ranar da za ka nemi gida ko mota sai ka buɗe na kwana biyu.

Idan za ka tafi gida hutu na wata biyu ko uku, ka zauna daren da za ka tashi ka duba abu uku: biya kai tsaye yana nan a kunne, asusun yana da kuɗin da zai ɗauki watannin duka, sannan saƙon tabbatarwa na banki zai iya samunka ta imel, domin layinka na Amurka ba lallai ya kama a Zinder ko Kumasi ba.